Dokar magudanan ƙazanta a Ingila da lissafin da ta dogara a kansa

A tsofaffin unguwannin biranen Ingila, bututu ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa yake kwashe ruwan banɗaki da na kicin, shi ne kuma yake ɗaukar ruwan saman da ya gangaro daga rufi da titi. A haka magudanan Landan suke tun aikin injiniya Joseph Bazalgette, wanda ya biyo bayan ɗoyin da kogin Thames ya addabi birnin da shi a 1858. In an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya bututun yakan cika, shi ya sa aka bar masa ƙofofin amayarwa da ke zubar da rarar a kogi ko teku, don kada najasa ta komo cikin gidajen mutane. Irin waɗannan ƙofofi sun haura 14,000 a Ingila. Alƙaluman Hukumar Muhalli sun nuna cewa a 2023 kaɗai sun yi amai fiye da sau 460,000, na tsawon awa miliyan 3.6 a jimlace.

Dokar Muhalli ta 2021 ta wajabta wa kowane kamfanin da ke riƙe da magudanan ƙazanta ya rubuta tsarin dogon zango: nawa magudanansa za su iya ɗauka, me ake buƙata yanzu da nan gaba, ina haɗarin yake, kuma me zai yi a kai. Kamfanonin sun fitar da tsare-tsaren farko a 2023, masu hangen shekara 25. Dokar ta kuma tilasta wa gwamnati ta fito da shirin rage amayarwar, ta kuwa fito da shi a Agustan 2022. Kafin 2035 sai an gyara duk ƙofar da ke zuba kusa da wuraren iyo da aka amince da su. Kafin 2050 kuma, ba a yarda wata ƙofa ta yi amai a ruwan sama fiye da sau 10 a shekara ba, in an ɗauki matsakaici.

To, a nan gizo ke saƙa. Zuwa ƙarshen 2023 an sa wa kowace ƙofa na'urar da ke ƙirga lokacin da ta zubar, amma na'ura abin da ya riga ya faru take faɗa. Ba za ta gaya maka sau nawa ƙofar za ta zubar a 2050 ba, bayan an gina sababbin gidaje, mutane sun dabe farfajiyarsu, ruwan sama kuma ya ƙara ƙarfi saboda sauyin yanayi. Ba za ta faɗi girman tankin ajiye rarar ruwa da ya kamata a haƙa ba. Wannan sai samfurin kwamfuta.

Samfurin kwafin magudanar ne cikin lissafi. Ana shigar da faɗin kowane bututu, tsawonsa, gangararsa da kaushin cikinsa, da zurfin kowane ramin dubawa, da famfunan tura ruwa, da tsayin bakin kowace ƙofar amayarwa. Sai a ƙara abin da ke shiga ranar da ba a ruwa: na mutanen unguwa, na masana'antu, da ruwan ƙasa mai tsatsafowa ta tsaga. A ƙarshe a zuba ruwan sama a kan rufi da titunan da ke kwarara cikinta. Manhaja irin InfoWorks ICM, ko SWMM ta hukumar muhallin Amurka wadda ake samu kyauta, takan bi tafiyar ruwan da lissafin da Bafaranshe Saint-Venant ya tsara a 1871. Don amsa tambayar sau 10, ana bi da samfurin cikin ruwan sama na shekaru a jere, galibi 10, a ƙirga aman. Don ambaliyar gidaje kuwa, tsare-tsaren sukan gwada ruwan da ake kira na sau ɗaya cikin shekara 50. Ba wai sai shekara 50 ta cika yake zuwa ba. Ma'anarsa kowace shekara akwai yiwuwar kashi 2 cikin 100 ya sauka.

Abin da na fi so ma'aikacin ruwa ya riƙe shi ne tantancewa. Ƙa'idar aikin da cibiyar ƙwararrun harkar ruwa da muhalli ta CIWEM ta fitar a 2017 ba doka ba ce, amma ita masu sana'ar ke bi. Tana so a sa ma'aunan gudu da zurfi cikin ramuka na makonni, a kafa ma'aunan ruwan sama, a jira a kama ruwa mai ƙarfi har sau uku, sannan a gwada abin da samfurin ya ce da abin da aka auna. In sun saɓa, ba a murɗa lamba don layin samfurin da na awon su haɗu. Saɓanin yana nufin akwai abin da ba a sani ba a ƙasa: yashi ya cike rabin bututu, saiwa ta shiga, maiƙo ya daskare, ko tsohuwar taswira ta yi ƙarya. Sai a tura mutane su buɗe murfi, ko a zura kyamara. Samfurin da aka lanƙwasa da ƙarfi zai dace da ruwan nan uku, ya gaza a na huɗu, kuma kogi ne zai sha kuskuren.

Akwai kuma abin da samfuri ba ya gani sai an gaya masa. Yakan ɗauka famfo yana aiki yadda aka rubuta, tanki yana wofi kafin hadari. A Mayun 2025 Ofwat, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin ruwa, ta ci kamfanin Thames Water tarar fam miliyan 104.5 saboda gazawa wajen gudanarwa da kula da matatunsa da magudanansa. Ƙofar da ke amai saboda famfo ya lalace gyara take buƙata, ba sabon tanki ba, kuma hanyar rarrabe su ita ce a ɗora ƙidayar na'ura kusa da ta samfurin, ƙofa bayan ƙofa.

Gwamnati ta ƙiyasta kuɗin shirin a fam biliyan 56 da farko, ta mayar da shi biliyan 60 a 2023, kuma daga kuɗin ruwan da jama'a ke biya zai fito, bayan Ofwat ta amince duk shekara biyar. Saboda haka duk wanda aka miƙa wa sakamakon samfuri don ya sa hannu, ya fara tambayar wace shekara aka tantance shi, da ruwan sama nawa, kuma me aka gina a unguwar tun daga lokacin.