Me ake nufi da "abincin tsirrai" idan mata da miji suka ce sun koma gare shi?

Idan ka ji ma'aurata sun ce "mun koma abincin tsirrai", abin da zai fara faɗo maka a rai shi ne faranti cike da latas da yankakken kokwamba, har ka fara tausaya musu. Ba haka abin yake ba. Kalmar tana magana ne a kan abin da ya zama ginshiƙin tukunya: hatsi, wake da danginsa, dankali, kayan lambu, 'ya'yan itatuwa, gyaɗa da riɗi. Nama da kifi da ƙwai da madara kuwa, ko dai su koma baƙi masu leƙowa jefi-jefi, ko a sallame su ɗungurungum.

Ana yawan cakuɗa kalmar da wasu guda biyu. Akwai masu ƙin cin nama kawai, suna shan madara, da yawansu ma suna cin ƙwai. Sai waɗanda ake kira bigan, kalmar da wani Baturen Ingila, Donald Watson, ya fito da ita a 1944. Su lamarinsu ya wuce ciki, ya zama aƙida ta ƙin amfani da dabba ta kowace fuska, har zuma da takalmin fata ba sa taɓawa. Shi kuwa "abincin tsirrai", ana danganta lafazin da T. Colin Campbell, masanin abinci a Jami'ar Cornell ta Amurka, wanda ya fara amfani da shi wajen 1980 don ya raba batun lafiya da batun aƙida. Don haka mutum zai iya cewa abincinsa na tsirrai ne, ka gan shi da gasasshen kifi sau ɗaya a wata, kuma bai yi ƙarya ba.

Dalilan da ke kai mutane ga wannan tsari ba su da wuyar ganewa. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama, irin na gwangwani da tsiran alade, cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji na hanji. Hukumar kuma tana ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kullum. Wasu kuma yanayin duniya ne ya dame su, tunda rahoton Hukumar Abinci da Noma na 2013 ya ɗora wa kiwon dabbobi kusan kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya.

Amma akwai tarko a cikin kalmar. Sukari daga tsiro yake. Lemon kwalba da soyayyen dankalin leda da biskit, duk ana iya samun su ba ko ɗigon madara a ciki. Kamfanoni sun gane haka, suna manna kalmar a jikin kwali, gishiri da mai kuma suna nan cunkus. A ganina, shi ya sa ba a raba wannan tsari da girki a gida. Wanda bai shirya shiga kicin ba, suna kawai ya canza wa abincinsa.

A kicin ɗin ne ma ake gane gaskiyar lamarin. Ɗauki makon farko: an ci shinkafa da miyar kayan lambu da magariba, ƙarfe goma na dare sai ga maigida yana buɗe firji. "Uwargida, anya mun ci abinci kuwa?" Ita kuma ta ce, "Maigida, ai faranti biyu ka tashi da su." Dukansu suna da gaskiya. Ganye yana cika ciki amma ba ya riƙe shi, sai an haɗa da wake ko waken suya ko gyaɗa, da ɗan mai. Hatsi ba shi da isasshen wani sinadarin gina jiki da wake ke da shi, waken kuma hatsi ke cike masa nasa giɓin, ba ma dole sai a faranti ɗaya ba, in dai an ci su cikin yini. Ɗanɗanon da nama ke ba miya kuwa, ana neman sa a albasar da aka soya a hankali har ta yi ja, da tumatirin da ya ƙone ruwansa, da naman kaza, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci. Kumburin ciki na makonnin farko ma yana lafawa, musamman idan ana jiƙa wake tun dare a zubar da ruwan. Jan wake mai siffar ƙoda dai sai ya tafasa sosai na aƙalla minti 10, don ɗanyensa yana da guba.

Sau da yawa ɗaya ne ya kawo shawarar, ɗayan ya bi don a zauna lafiya. In haka ne, tukunya ɗaya ta wadatar: a dafa miyar ba nama, mai so ya ɗora nasa a gefe.

Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da alayyafo ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama. Matsa lemon tsami a kan abinci yana taimakawa, shan shayi a kansa nan take kuma yana hanawa. Abu ɗaya ne ba dabarar girki da za ta kawo shi, wato bitamin B12. Tsirrai ba sa samar da shi yadda za a dogara da su. Babban mutum yana bukatar wajen maikurogiram 2.4 a rana, hanta kuma tana iya ajiye na shekaru, shi ya sa ƙarancinsa ke zuwa a ɓoye: kasala, ƙarancin jini, jin ƙafafu kamar ana tsira musu allura. Duk ma'auratan da suka bar kayan dabba gaba ɗaya sai sun riƙa shan ƙwayarsa ko cin abincin da aka ƙara masa shi, idan kuma matar tana da ciki ko tana shayarwa, a fara ganin likita tun kafin a canza tukunya.