Halin na'ura: zanen dutse ko rubutun allo?

Tun da ofisoshi suka fara ɗora wa ƙirƙirarriyar basira rubuta wasiƙu da taƙaita rahotanni, da wuya ka kunna rediyo ba ka ji ana cewa an ba ta "hali" da "murya" ba. Shekaranjiya wani mai gabatar da shiri ya ɓata minti biyar yana tambayar baƙonsa ko muryar ta mace ce ko ta namiji. Haba malam! Muryar nan ko a rubuce tana nan: mataimakin, wato na'urar da ke ba ka amsa, ya gajarta ko ya ja zance, ya ce "ka" ko "ku", ya yi raha ko ya kame bakinsa.

Amma "hali" ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mu dai mun tashi da jin hali zanen dutse. Kalmar da masu harkar ke faɗa kuwa, persona, daga Latin take, sunan abin rufe fuskar da 'yan wasan kwaikwayon Rum ke sawa ne. Halin mataimakin nan wani ɓangarensa horo ne, wani kuma umarni ne da ake rubuta masa: kada ka zuzuta, abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Rubutun allo ke nan, a wanke a sake.

An ma taɓa wankewa a bainar jama'a. A watan Afrilun 2025 kamfanin OpenAI ya sabunta GPT-4o, tsarin da ke tafiyar da mataimakinsa mai suna ChatGPT a lokacin, sai ChatGPT ya wayi gari bafade. Ka kai masa tsarin kasuwancin da ko kuɗin cefane ba zai fitar ba, ya ce kai ne gwani na gwanaye. Cikin 'yan kwanaki suka janye sabuntawar, suka amsa cewa sun jingina fiye da kima da alamar yabon da masu amfani ke dannawa nan take. Jama'a na son kirari, na'ura ta koyi roƙo.

Saboda haka tsayawa kan hali ɗaya ba maimaita gaisuwa ɗaya ba ne. Wasiƙar ta'aziyya da takardar tuni kan bashi ai ba lafazinsu ɗaya ba, dole ya sauya. Abin da nake so ya ƙi motsi shi ne ranar da lissafin manaja ya karye, ya faɗa masa kamar yadda zai faɗa wa masinja: ranka ya daɗe, shafi na 3, jimillar ba ta tashi ba.