Jan Lantarki da Illarsa ga Jikin Ɗan Adam

Jan lantarki, wanda aka fi sani da shokin, yana faruwa ne idan wuta ta ratsa jikin mutum a kan hanyarta ta zuwa ƙasa ko zuwa wata waya. Mafi yawan jiki ruwa ne mai gishiri, don haka wuta ba ta shan wahalar bi ta cikinsa. Sai dai dole ta sami mashiga da mafita. Shi ya sa tsuntsu ke zamansa a kan waya ɗaya lafiya lau.

Girman ɓarnar ya dogara ne ga yawan wutar da ta shiga, da hanyar da ta bi, da daɗewarta. Ana auna ta da miliamfiya, wato kashi 1 cikin 1,000 na amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudana. A miliamfiya 1, ɗan tsikari kawai ake ji. Daga 10 zuwa 15 tsokar hannu kan ƙage, kuma da yake tsokokin da ke dunƙule yatsu sun fi masu buɗe su ƙarfi, sai mutum ya ƙara damƙe wayar. Abin da ake nufi ke nan da "wuta ta riƙe shi". Idan 50 zuwa 100 suka ratsa ƙirji, zuciya na iya daina bugu ta koma karkarwa, jini ya tsaya, rai ya fita cikin mintuna kaɗan. Abin tsoron shi ne, ƙwan fitila mai wat 60 a layin bolt 230 yana jan kusan miliamfiya 260.

Fata ita ce garkuwa. Busasshiya tana tare wuta sosai, amma gumi, ruwa ko rauni suna karya ta. Akwai kuma ƙuna, wadda take yaudara: tabon waje ƙarami, ciki kuwa tsoka ta dahu, kuma abin da ta zubar cikin jini yana iya lalata ƙoda.

Wayar ƙasa, wadda ke haɗa kayan lantarki da ƙasa, tana bai wa wutar da ta ɓalle hanyar da ba jikin mutum ba. Fis kuwa, wato siririyar wayar da ke narkewa idan wuta ta yi yawa, waya yake karewa daga gobara, ba mutum ba. Mai kare mutum ita ce na'urar da ke yanke wuta da zarar miliamfiya 30 sun zurare; a Amurka, injiniya Charles Dalziel ya ƙera irinta a 1961.

Wanda wuta ta riƙe ba a taɓa shi da hannu. A kashe makunni tukuna, in bai samu ba a ture wayar da busasshen katako. In babbar waya ce ta faɗo, katako ma ba ya aiki. A yi nesa, a kira masu wuta. In numfashi ya ɗauke a fara danna ƙirji nan take, in kuma mutumin ya miƙe garau, duk da haka likita ya duba zuciyarsa.