Kafin ku sayi sabon moter na jawo ruwa, ku duba iskar balo

Makon jiya zagayen duba ruwan sha ya kai ni wani gida a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke Maradi. Muna cikin gaisawa da uwargida, yarinya ta buɗe famfo za ta cika buta, sai na ji moter yana tashi yana mutuwa, ƙat, ƙat, kamar mai shaƙuwa. Na ce, "Hajiya, tun yaushe yake haka?" Ta ce, "Wallahi ɗana, tun kafin azumi. Alhaji ya ce sai an canza shi, kuma wannan ne na biyu."

Moter ba shi da laifi. Ciwon yana cikin tankin ƙarfen nan ja ko shuɗi da ke kusa da shi, wanda masu gyaran famfo ke kira balo. A cikinsa akwai jakar roba da ruwa ke shiga, iska kuma ta kewaye ta. Iskar ce ke tura ruwa zuwa famfo, moter ya samu ya huta. In ta tsiyaye, ko kofi ɗaya aka ɗiba sai ya tashi, kuma yawan tashin nan ne ke ƙona shi. A nan Maradi mun fi sabawa da shato, wato tankin ruwa a bisa soro, shi ya sa masu foraj (rijiyar burtsatse) da yawa ba su san balo na son kulawa ba.

Gwajin ba ya buƙatar gwani. Ku fara kashe wuta, kada a yi wasa da wannan, ruwa da kuran ba sa ga maciji. Ku buɗe famfo har ruwan ya ɗauke ƙaf. A jikin balo akwai bawul irin na tayar babur. Ku danna tsinken tsakiyarsa. In iska ta fito, da sauƙi. In ruwa ya feso, robar ta fashe, ruwan da kuke sha yana kwance bisa ƙarfe yana kwasar tsatsa. Wasu balo ana canza masu robar kawai, wasu sai sabo.

In robar lafiya take, ku ari ma'aunin iska wurin mai faci. Ƙa'ida ita ce iskar ta gaza ƙarfin da moter ke tashi a kai da bar 0.2 (bar shi ne awon ƙarfin iska ko ruwa). Misali, in allurar agogon da ke nuna ƙarfin ruwa tana kan 2 lokacin da yake tashi, ku sa 1.8. Famfon keke ma ya isa, amma famfon ruwa ya kasance a buɗe lokacin da kuke busawa. A gidan Hajiya ma'aunin ko motsi bai yi ba. Ɗanta ya busa, aka kunna, aka cika bokiti kafin moter ya ce uffan. Ku riƙa yin haka duk wata 6.

In kuwa cikin dare yana tashi ba wanda ya taɓa famfo, to tiyo na yoyo a ƙasa, ko bawul ɗin da ke hana ruwa komawa rijiya ya ci rairayi. Ku leƙa akwatin makunnin ma, kiyashi na son shiga can. Ku kuma yi wa balo rumfa, ranar watan Afrilu ba ta raga wa roba.

Abin da ya sa ma'aikacin lafiya irina ya tsoma baki cikin aikin masu famfo: ranar da moter ya ƙone, gida ya koma ga ƴan ga-ruwa, ba ku san inda aka ɗebo ba. Ba mu manta kwalarar da ta ɓulla a Madarunfa a 2018 ba. Duk sa'ad da aka kwance balo ko tiyo, ku bar ruwan farko ya zube, na sha kuma ku sa masa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs yadda takardarsa ta ce, ku jira minti 30 kafin a ba yara.