Tsadar agogo ba ta hana shi gudu ko latti

An daɗe ana cewa agogon hannu mai tsada, irin wanda ake yi wa wani, wanda ba ya amfani da batir, ba ya kuskuren ko sakan ɗaya. Wanda ya zuba kuɗi masu yawa, ba laifi ba ne ya yi wannan zato. Amma ba haka abin yake ba.

Irin wannan agogo sifirin ne ke tafiyar da shi, da wata 'yar ƙaramar ƙafa mai kama da taya, mai kai da komo, wadda a yawancinsu take bugawa sau 28,800 a awa. Zafi, sanyi, maganaɗisu, bushewar mai, har yadda aka kwantar da shi da dare, duk suna taɓa tafiyarsa. Shi ya sa ma'aunin da aka sani a Suwizalan ya yarda agogo ya yi lattin sakan 4 ko gudun sakan 6 a rana, cikin sakan 86,400. Mai batir na araha ma yakan fi shi daidaito. Aikin hannun ake saya.

Gwajin ba wuya: ku saita shi da agogon waya, ku duba bayan kwana 7, ku raba bambancin gida 7. In ya kai minti a rana, sai wurin mai gyara.

Don Allah ku tura wa 'yan uwa masu irin wannan agogo.