Me ake nufi da "bindiga mai gajeren bututu" a dokar Amurka?

A Amurka, inci guda na iya raba mai bindiga da gidan yari. Abin da suke kira SBR a taƙaice shi ne bindigar da ake kafa gindinta a kafaɗa, amma bututunta bai kai inci 16 ba, wato wajen santimita 41. Haka ma bindigar kafaɗa da aka datse har tsawonta baki ɗaya ya gaza inci 26. Wadda ke watsa harsashi, irin ta farautar tsuntsaye, nata ma'aunin inci 18 ne.

Tushen maganar dokar tarayya ce ta 1934 da ta wajabta rajistar wasu makamai, wadda aka yi a zamanin da 'yan daba irin su Al Capone suka addabi Chicago. Da farko an so a haɗa da ƙananan bindigogi na hannu, shi ya sa aka toshe hanyar da mutum zai yanke doguwar bindiga ya mayar da ita ƙarama don ya zille wa doka. Daga baya aka cire ƙananan bindigogin daga ƙudirin, amma togaciyar gajeren bututu ta zauna daram. To ka ji inda abin ya zama bambarakwai: fistol da ake sakawa a aljihu ba ta cikin wannan rajista, bindigar da ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba kuwa tana ciki. Mallakar SBR sai da rajista a ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, da hoton yatsu, a da kuma har da harajin dala 200, kuɗin da a 1934 ba kowa ke iya biya ba. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta mayar da harajin sifili daga Janairun 2026, amma rajista na nan. Wanda aka kama babu rajista na iya shan ɗaurin da ya kai shekara 10.

Yadda ake awon shi ne: a rufe bindigar, a zura siririn ƙarfe ta baki har ya tokare, a yi alama, a auna. Abin da aka ɗaura a bakin ba ya shiga lissafi sai an liƙe shi dindindin, misali da walda. Saboda haka za ka ga mai bututun inci 14.5 ya kai wa mai walda a manna masa ƙari don ya cike 16.

Inda gizo ke saƙa shi ne gindin da ake naɗewa. Bindiga ɗaya, tsawo biyu. Gwamnatin tarayya tana auna bindigar kafaɗa ne da gindinta a miƙe. Wasu jihohi kuwa sun ce sam, a auna ta a naɗe, tunda a haka ake ɓoye ta cikin riga ko jaka. A gaskiya hujjarsu ta fi shiga hankali, in dai ɓoyewar ce abin tsoro. Kalifoniya ta haramta gajeren bututu ga yawancin jama'a, sannan bindigar kafaɗa mai ɗura kanta bayan kowane harbi, in ta gaza inci 30 a mafi gajartarta, ta faɗa jerin makaman da jihar ta hana. A Maryland iyakar inci 29 ce. Michigan ta bi wata hanya dabam: duk bindigar da ba ta wuce inci 26 ba fistol ce a wurinta, kuma kafin 2013 ma'aunin inci 30 ne, abin da ya sa bindigogi masu naɗewa da yawa suka riƙa shiga rajistar fistol a jihar. New York, New Jersey da Hawaii ba sa barin farar hula ya mallaki SBR, ko da takardar tarayya a hannunsa.

Ko mai cikakkiyar rajista ma ba ya ɗaukar ta ya tsallaka wata jiha haka kawai. Sai ya nemi izinin ATF a rubuce tukuna, kuma izinin ba ya soke haramcin jihar da za shi.