Sanyin Fargo: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Da zarar Oktoba ta kama, wayata ba ta hutawa. Sababbin ɗaliban da suka sauka jami'ar NDSU da ke nan Fargo cikin Agusta, iyayensu daga Kano da Zariya da Maraɗi, da 'yan'uwan da suka samu aiki a Fargo ko Moorhead da ke tsallaken kogi, kowa da tambayarsa. Amma in ka tattara su, 'yan kaɗan ne ake ta juyawa. Hunturu tara na yi a wannan gari na jihar Dakota ta Arewa a Amurka, kuma na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya. Ga su nan wuri guda. Wanda ya sake turo mini ɗaya daga cikinsu, nan zan maido shi.

Wai da gaske sanyin ya kai yadda ake faɗa?

Ya kai. A watan Janairu, abin da aka saba gani da asuba shi ne wajen digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, daidai da cikin firizar da ake daskarar da nama. Wannan rana ce ta yau da kullum, ba wanda zai yi maganarta. Mafi tsananin da aka taɓa rubutawa a nan shi ne digiri 44 ƙasa da sifili, a Janairun 1887.

Ai ni na yi karatu a Jos, na saba da sanyi.

Ba ka saba ba, ƙanena. Jaurar gida tana sa ka karkarwa. Wannan kuwa yana iya raba ka da yatsu.

Wayata ta nuna 5, amma na fita na ji kamar zan mutu. Me ya faru?

Farenhait take nuna maka, ma'aunin Amurkawa. A wurinsu ruwa yana daskarewa a 32, sifilinsu kuma 18 ne ƙasa da namu. Biyar ɗin da ka gani, 15 ne ƙasa da sifili. Ka sauya wayarka yau, ko ka haddace waɗannan lambobi.

Me ya sa kullum kake maganar iska?

Saboda ita ce mai ɓarnar. Fargo na zaune ne a ƙasan wani tsohon tafki, Agassiz, wanda ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce ya bar fili shimfiɗe kamar faifai. Babu tudu, babu daji, sai gonakin alkama da waken soya da gwozan sukari har iyakar ganinka. Iskar da ta taso daga Kanada ba ta da mai tare ta har ta iso ƙofar gidanka.

Shi ya sa hasashen yanayi ke ba da lamba biyu: sanyin da ma'auni ya auna, da sanyin da fata za ta ji in an haɗa da iska. Ta biyun za ka riƙa dubawa. In ta kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba na iya daskarewa cikin rabin awa. In ta kai 40, minti goma ya isa. Kunne da hanci da yatsu ne ke fara tafiya, kuma abin tsoron shi ne zafin yakan ɗauke, wurin ya yi fari-fari ya mutu, kai kuma ka zaci ka saba ne. In haka ta faru ka shiga ciki, ka sa wurin a ruwa mai ɗumi wanda bai yi zafi ba, kada ka murza shi, kada ka kanga shi a hita. In ya yi ƙuraje masu ruwa ko ji bai dawo ba, asibiti.

To bana sanyin zai yi tsanani ko da sauƙi?

Wannan ce tambayar da kuka fi so, ita ce kuma mafi ƙarancin amfani gare ku. Hukumar NOAA mai kula da yanayi a Amurka takan fitar da hasashen hunturu a Oktoba, tana dogara sosai da yanayin ruwan Tekun Fasifik. In ruwan ya fi yadda aka saba sanyi, abin da ake kira La Nina, yankinmu yakan karkata zuwa hunturu mai tsanani. In ya yi ɗumi, wato El Nino, akan samu sauƙi. Hunturun 2023 zuwa 2024 na El Nino ne, kuma shi ne mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a Dakota ta Arewa da Minisota. Waɗanda suka zo a shekarar suka ɗauka haka garin yake, wasunsu har suka riƙa ce wa na baya kada su ɓata kuɗi kan takalmi. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai.

Hasashen ba ya cewa za a yi kaza. Yana raba yiwuwa ne gida uku, ƙasa da yadda aka saba, daidai, ko sama, sannan ya ɗan rinjayar da ɗaya, kuma magana yake kan jimillar wata uku. Hunturu mai sauƙi ma yana iya ɗauke da mako guda da zai hana mota tashi. Dusar ƙanƙara a shekara takan kai wajen santimita 130, amma a hunturun 1996 zuwa 1997 an samu kusan mita uku. Ka yi shirin mai tsanani, ka riƙa duba hasashen kwana uku daga ofishin yanayi na Grand Forks, garin da ke arewa da mu. Shi ne zai yi maka aiki.

Zan iya sa kaftani zuwa Juma'a?

Ka sa, a kan dogon wando da riga masu manne wa jiki, sannan babbar rigar sanyi a sama. Hular da ke rufe kunne, safar hannu, takalmi mai kauri mai kama ƙasa. Zanna bukar ta jira a aljihu sai ka shiga masallaci.

Ɗakina bai yi mini ɗumi ba. In hura gawayi a kasko kamar yadda muke yi a gida?

Kada ka kuskura. Wallahi wannan tambaya tana tayar mini da hankali duk lokacin da na ji ta. Gidajen nan a toshe suke ruf, an yi su ne don kada iska ta shiga ko ta fita. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya ji ciwon kai da barci, ya kwanta, shi ke nan. Haka murhun gas in aka bar shi a kunne don ɗumama ɗaki, haka janareta a gareji. In hita ba ta aiki, mai gidan haya za ka kira a daren, aikinsa ne. Ka tabbata akwai na'urar da ke ƙara in gubar ta taru, kuma kada ka cire mata batir don turaren wutar uwargida ya sa ta kuka. In za ka yi tafiya ma kada ka kashe hita gaba ɗaya, bututun ruwa zai daskare ya fashe.

Mene ne wayar lantarki da ke leƙowa a gaban motoci?

Ta ɗumama inji ce. Ana jona ta da soket da dare don mota ta tashi da safe. In taka ba ta da ita, a sa mata. A gwada batir ma kafin Disamba.

Iyalina za su sauka Minneapolis cikin Janairu. In tuƙa in je in ɗauko su?

A nan ba zan ce maka e ko a'a kai tsaye ba, domin amsar tana hannun ranar da kanta.

Tafiyar daga Fargo zuwa birnin Minneapolis na jihar Minisota wajen kilomita 380 ce a babbar hanyar I-94, awa uku da rabi in gari lafiya. Mutane na yin ta kowace rana cikin hunturu, ni ma na yi ta ba sau ɗaya ba. Amma in wannan ne hunturunka na farko a bayan sitiyari, shawarata ka ƙara kuɗi ka haɗa musu tikiti har filin jirgin Fargo, tashin bai wuce awa guda ba. Na san kuɗin na da nauyi in da yara. Duk da haka ka fara lissafa wannan.

In kuwa dole sai ka tuƙa, ka san inda hatsarin yake. Ba kusa da Minneapolis ba ne, inda akwai itatuwa da garuruwa. Tsakanin Moorhead da Fergus Falls ne, inda fili yake fetal. A can ba sai sama ta zubar da komai ba. Rana na iya fitowa tar, amma iska ta kwashi dusar da ke kwance a gonaki ta watsa ta kan hanya, har ka kasa ganin gaban motarka. Abin da ya sa nake cewa kada ka tambayi ko za a yi dusa, ka tambayi ƙarfin iska. A ƙa'idarsu, ana kiran abu guguwar dusar ƙanƙara ne in iska ta kai kilomita 56 a awa, gani ya gaza mita 400, aka kuma ɗauki awa uku a haka. Guguwar da ke zuwa daga Albata ta Kanada ba ta kawo dusa mai yawa, amma tana da sauri, iska da matsanancin sanyi na bin bayanta, ita ce ke shammatar mutane. Wadda ke tasowa daga wajen Kolorado ta fi dusa mai nauyi, amma galibi ana ganin zuwanta da kwanaki.

Saboda haka ka ba kanka kwana guda na rara a kowane ɓangare, ka riƙe kuɗin otel. Ka duba 511, wato layin waya da shafin bayanin halin da hanyoyi ke ciki, na jihohin biyu, Dakota ta Arewa da Minisota, kafin ka tashi, ka sake dubawa a hanya. In an ce ba a shawartar tafiya, ka zauna. In an rufe hanya da shinge, kada ka bi ta ƙauye don ka zagaye, can ɗin ya fi muni kuma ba mai bi ta kanka. Ka yi tafiyar da rana, ka tuna a Janairu ana magariba wajen ƙarfe biyar. Kada mai ya sauka ƙasa da rabin tanki. Gada tana daskarewa kafin sauran hanya, kuma gishirin da ake zubawa ba ya aiki sosai in sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, don haka kwalta na iya yin baƙi kamar busasshiya alhali gilashi ce. A hankali da burki, a hankali da sitiyari.

Ka tuna kuma su daga zafi suke zuwa, da atamfa da takalmin silifa. Ka tafi musu da rigunan sanyi da huluna da safa har cikin filin jirgi. Yaro in za a ɗaure shi a kujerarsa, a cire masa babbar rigar a ɗaure, sannan a lulluɓa masa bargo a kai. A but ɗin mota a samu barguna, shebur, tocila, caja, ruwa da dabino.

In Allah ya ƙaddara kun maƙale, ku zauna cikin mota. Kada ka ce ga fitilar gida can bari in taka, a farin nan mutum na ɓata cikin taku kaɗan. Ka kira 911, lambar neman agajin gaggawa, ka kunna inji kamar minti goma a kowace awa, ka ɗan sassauta gilashi, kuma kowane karo ka fita ka share dusar da ta toshe bakin salansa. Ranar 4 ga Fabrairu 1984 guguwa ta faɗo wa garin nan ba zato, mutum huɗu suka rasu cikin motarsu a titin 19 na arewa, kusa da filin jirgi, hayaƙin inji ne ya kashe su. A cikin gari ke nan, ba a daji ba.

Duk da wannan, in hasashe ya nuna iska kwance, hanya a share, motarka da tayoyi masu kyau, ka yi bismilla ka tafi. Mafi yawan ranakun Janairu haka suke. Sai dai ka yanke shawarar a safiyar ranar, kada ka yanke ta tun Nuwamba.

Ɗana ya ce mini leɓensa ya tsage, yana haɓo, kuma ba ya son fita. Lafiya kuwa?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Bushewar iska ce, hita tana ƙara ta, kamar kaushi da fason hunturu a gida. Man kaɗen da kika haɗa masa a kaya shi ne maganin, ya riƙa shan ruwa, ya sayi na'urar da ke sa laima a ɗaki. In ya yi alwala ya goge jikinsa sosai kafin ya fita, batun shafa a kan huffi kuma ya tambayi malamai.

Rashin son fitar ne na fi so ki sa wa ido. A ƙarshen Disamba rana ba ta fi awa takwas da rabi ba, sai bayan takwas na safe take fitowa, kafin biyar ta faɗi. Duhun yana taɓa zuciya, musamman ga wanda ya tashi cikin rana da jama'a. Ki riƙa kiransa, ki matsa masa ya je masallaci ya haɗu da mutane, ya kuma yi wa likita maganar bitamin D. In ya daina cin abinci ko zuwa aji, a sanar da mu da ke kusa da shi, za mu je.

Yaushe zai ƙare?

Kada ka ajiye rigarka kafin tsakiyar Afrilu. Maris na yaudara, kuma guguwa mai nauyi na iya zuwa a cikinsa.

Bayan nan kuma sai maganar ruwa. Kogin Red arewa yake gudu, zuwa tafkin Winnipeg na Kanada. Kudu ke fara narkewa, ruwan ya taho ya tarar da arewa a daskare, ga ƙasa shimfiɗe, sai ya bazu. A Afrilun 1997, bayan dusar nan ta mita uku, ruwa ya ci Grand Forks, aka kwashe dubun-dubatar mutane. A ƙarshen Maris 2009 kogin ya haura mita 12 a Fargo, tsayin da bai taɓa kaiwa ba, ɗalibai da mutanen gari suka kwana suna cika buhunan yashi. In ɗakin ƙarƙashin ƙasa kake haya, ka ɗauke fasfo da takardunka daga ƙasa tun watan Maris, ka kuma tambayi mai gida ko famfon da ke zuƙe ruwan ƙasa yana aiki.